Maigida Ya Ajiye Maganin Zuciya Saboda Jinin Dasashi, Yayansa Ya Ce Ƙwayar Cuta Ce

Assalamu alaikum, Likita. Ni matar aure ce, 'ya'yanmu biyar, mun daɗe muna zaune a Makka. Maigidana direba ne, yana jigilar masu Umara tsakanin Jidda da Makka da Madina. Shekarunsa 54, yana da sukari da hawan jini. Wata huɗu da suka wuce ciwon zuciya ya kayar da shi, aka yi masa kasɗara, wato zura siririn bututu ta jijiya zuwa zuciya, aka sa masa 'yar ragar nan mai buɗe jijiya da ake kira da'ama. An sallamo shi da asfirin, da wani maganin tsinka jini mai suna tikagirelo safe da yamma, da atobastatin na kitse, ban da na sukari da na hawan jini. Sigari ya bari tun a asibiti, amma daren Juma'a yakan zauna shisha da abokai.

Tun da ya dawo gida dasashinsa ke zubar da jini. In ya yi asuwaki sai kan ya yi ja, wani lokaci har a matashin kai nake gani. Bakinsa yana wari, haƙora biyu na ƙasa suna girgiɗa. Yayansa, wanda shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, ya turo masa wani saƙon murya da ke yawo, wai an gano ƙwayar cuta ce ke toshe jijiyoyin zuciya, likitoci ne ke ɓoyewa. Da saidaliyya, wato kantin magani, ta ƙi sayar musu da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba takardar likita, Yaya ya sa aka taho masa da wani mai suna kilaritiromaisin daga gida, ya ce a sha wata uku. Na ƙirga ƙwayoyin maigida a ɓoye, na ga kwana biyar bai sha tikagirelo ba. Bai san na sani ba. Na Yaya bai fara ba, ya ce sai ranar Asabar. In na yi magana za a ce na raina Yaya, in na yi shiru ina tsoron abin da zai biyo baya. Kuma in da gaske ƙwayar cuta ce, ni da yara za mu iya ɗauka?

'Yar'uwarku a Makka

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba Alhaji lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Ƙirga ƙwayoyin nan da kika yi kulawa ce, kada ki ɗauke ta a matsayin leƙen asiri. Akwai abin da ba zai jira Asabar ba, da shi zan fara.

Da'ama ƙarfe ce a cikin jijiya, kuma jini in ya gamu da baƙon abu ɗabi'arsa ce ya taru ya daskare a kai. Sai an yi watanni kafin shimfiɗar cikin jijiyar ta tofo ta rufe ƙarfen. A tsakanin nan asfirin da tikagirelo ne ke hana ƙananan ƙwayoyin jinin da ke haɗa guda mannewa a jikin ragar, shi ya sa wanda aka sa wa ita bayan ciwon zuciya galibi ake ce masa ya sha su biyun har wata 12. Ƙarfin tikagirelo yana fita daga jiki cikin kwana uku zuwa biyar da dainawa. Ke nan Alhaji ya riga ya kai wannan gaɓar. Idan guda ya toshe da'ama, ba a hankali yake yi ba, lokaci ɗaya jijiyar ke rufewa, kuma ciwon da ke biyo baya sau da yawa ya fi na farko muni. Don haka yau ɗin nan, ba gobe ba, a tuntuɓi sashen zuciya na asibitin da aka yi masa aikin, a gaya musu ranar da ya sha na ƙarshe. In ba a samu ba, a kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, akwai likitoci dare da rana. Kada ya haɗa ƙwayoyin da suka wuce ya haɗiye don ramuwa. Likita ne zai faɗi yadda za a koma kai. Idan kuwa ya ji nauyi a ƙirji, ko ciwo na sauka hannu ko haƙarƙari ko muƙamuƙi, ko gumi mai sanyi da sarƙewar numfashi, ki kira motar agajin gaggawa ta 997 ko 911 nan take, kuma kada ki yarda ya tuƙa kansa, ko da kuwa tuƙi ne sana'arsa. Masu sukari wani lokaci ba sa jin ciwon ƙirji sam, sai kasala da tashin zuciya da zafi a saman ciki, a yi ta ba su maganin olsa alhali zuciya ce.

Wannan yana nufin sai kin yi masa magana a daren nan. Ki bari yara su kwanta, ki same shi ku biyu. Kada ki zo da kwalin magani a hannu kamar mai gabatar da shaida. Ki fara daga abin da ke damunsa: "Alhaji, na ga jinin nan a matashi, na san yana tayar maka da hankali, ni ma yana tayar mini. Na duba maganinka na ga ka ajiye guda. Ban faɗa wa kowa ba. Don girman Allah mu kira likita yanzu, mu gaya masa jinin da kake gani." Mutumin da ya leƙa mutuwa wata huɗu da suka wuce, kullum kuma ya wayi gari ya tofa jini, ba taurin kai ne ya sa shi ajiye magani ba. Tsoro ne, kuma lissafinsa ba na wauta ba ne: an ba shi mai tsinka jini, jini ya zuba, ya janye. Abin da ya ɓace masa shi ne jinin dasashi yana da magani a kujerar likitan haƙori, toshewar da'ama kuwa sai wanda Allah ya sa yana da sauran kwana. Direba ne kuma mai ciyar da bakuna bakwai a ƙasar da rashin aiki ke iya taɓa iƙama, wataƙila yana gudun duk abin da zai sake kai shi gadon asibiti. Ki bar masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa. A daren nan kada ma ki ambaci sunan Yaya.

Yanzu ga maganar saƙon muryar. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ina so ki san gaskiyar da ke cikinsa sarai, domin in kika ce ƙarya ce tsagwaronta, Yaya zai iya nuna miki rubutun masana a waya, ki rasa ta cewa.

A jikin ɗan'adam akwai wani furotin da masana ke kira HSP60. Aikinsa taimaka wa sauran furotin su naɗu daidai a cikin ƙwayar halitta, kuma ƙwayar halitta tana ƙara yin sa idan ta shiga matsi, kamar zazzaɓi ko guba ko ƙarancin iska. Bakteriya ma suna da irinsa, kuma wajen rabin tsarin nasu ya yi daidai da namu. Duk wanda ya daɗe da ciwon dasashi, ko ya sha fama da ciwon huhu, ko yana ɗauke da ƙwayar cutar nan ta gyambon ciki, garkuwar jikinsa ta gamu da na bakteriyar, ta haddace kamanninsa, ta tanadi sinadaran kariya da fararen ƙwayoyin jini masu farautarsa. A lafiyayyen jiki ba komai, domin namu yana can ɓoye cikin ƙwayar halitta, garkuwa ba ta ganinsa. Amma shimfiɗar cikin jijiya siririya ce ƙwarai, kaurinta ƙwayar halitta ɗaya tak. Idan hawan jini ya yi ta dukanta, ko hayaƙin taba, ko sukari, ko mugun kitsen nan na LDL bayan ya lalace, sai ta fito da HSP60 ɗinta a fili. Kamar mai gadi ne da aka ba kwatancen ɓarawo da launin rawani, sai ga ɗan gida ya fito da irin rawanin. Kama da wane ba ta wane, amma garkuwa ba ta tsayawa tambaya, sai ta afka masa. Fararen ƙwayoyin jini su kutsa bangon jijiyar, wurin ya kumbura, wasu su biyo baya su yi ta haɗiyar kitsen da ya maƙale har su cika su mutu a wurin. Haka tudun kitse ke tasowa a bango cikin shekaru, da wani murfi a kansa. Kumburin ne kuma ke cinye murfin har ya yi siriri. Ranar da ya fashe, jini ya daskare a kai, ranar ce ake cewa ciwon zuciya ya kama wane.

Ba tatsuniya ba ce. A 1992 Farfesa Georg Wick da abokan aikinsa a Insburuk ta ƙasar Ostiriya sun yi wa zomaye allurar irin wannan furotin da aka ciro daga bakteriya dangin na tarin fuka, sai jijiyoyin zomayen suka fara nuna alamun ciwon, alhali kitsen jininsu daidai yake. A 1993 an duba mutanen garin Burunek a arewacin Italiya, aka ga masu kaurin jijiyar wuya sun fi yawan sinadaran kariyar da ke kama wannan furotin. Tun 1988 ma masu bincike a Finlan suka nuna alaƙa tsakanin wata bakteriyar huhu mai suna kilamidiya da ciwon zuciya, kuma an sha samun burbushin bakteriyar dasashi a cikin tudun kitsen da aka ciro daga jijiyoyin mutane. Sai dai ga abin da mai saƙon bai faɗa ba, ko bai sani ba. Da aka ci gaba da bin zomayen nan, waɗanda kitsen jininsu ke daidai ciwon jijiyarsu ya koma da kansa. Waɗanda aka haɗa musu da abinci mai kitse, nasu ya zauna. Garkuwa ba ta samun abin kamawa sai a bangon da aka riga aka wahalar, kuma ciwon ba ya kafuwa sai da kitse. Cewa "ƙwayar cuta ce, a bar zancen kitse" juya binciken ne ƙasa a sama. Hawan jini da sukari da shisha da LDL, su ne ke sa jijiyar Alhaji ta fito da abin da ake farauta, kuma dukansu huɗu suna hannunku.

Tunanin Yaya na a kashe ƙwayoyin cutar da magani, likitoci sun riga shi, sun kuma gwada da gaske. A 2003 an fitar da sakamakon gwaji kan mutum 7,747 da suka taɓa yin ciwon zuciya, rabinsu sun sha azitromaisin na mako 12. A 2005 wasu biyu suka fito: ɗaya kan mutum 4,012 da rabinsu suka sha maganin sau ɗaya a mako har shekara guda, ɗayan kan mutum 4,162 da wani maganin na daban, kwana goma a kowane wata har kusan shekara biyu. Ba a ga raguwar mutuwa ko ciwon zuciya ba. A gwajin mutum 4,012 ɗin, waɗanda matsala ta sama kashi 22.3 ne cikin ɗari a masu shan magani, 22.4 a waɗanda aka ba ƙwayar da ba komai a ciki. Wanda ya fi shafarku shi ne na Denmak, inda aka gwada kilaritiromaisin, wato wanda ke cikin ledar Yaya, kan masu ciwon jijiyar zuciya 4,373, na kwana 14 kacal. Mutuwa ta fi yawa a ɓangaren waɗanda suka sha, har a 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi likitoci su yi hattara da ba masu ciwon zuciya wannan magani. An buga duk wannan a fili, babu abin da aka ɓoye. Dalilin gazawar ma ba mai wuyar ganewa ba ne: abin da garkuwa ta haddace ba ya gogewa don an kashe bakteriya, tudun da ya yi shekara ashirin yana taruwa ba ya narkewa da ƙwaya, kuma bakteriyar da ke fake a ƙarƙashin tsatsar haƙori magani ba ya isa gare su sai an kankare.

Ga Alhaji musamman, haɗarin ya ninka. Hanyar da hanta ke bi ta narkar da atobastatin da tikagirelo, ita kilaritiromaisin ke toshewa. Atobastatin ya taru a jini, tsoka ta iya narkewa, fitsari ya koma launin baƙin shayi, ƙoda ta taɓu. Tikagirelo ya taru, zubar jinin da ake gudu ta ƙaru, shi ya sa takardar maganin ta hana haɗa su. Yana kuma iya rikita bugun zuciya, ga gudawa mai tsanani da shan irinsa na wata uku ke jawowa. Ma'aikacin saidaliyyar da ya ƙi sayarwa ya yi muku gata, doka ce da aka tsaurara a ƙasar nan tun 2018. In an kawo zancen ƙaho, shi ma a dakata har a tambayi likitan zuciya, tun da jininsa a tsinke yake.

Akwai wurin da kashe bakteriya ke kare zuciya da gaske, ki riƙe shi saboda yaranki. Yaro mai shekara 5 zuwa 15 da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi da farin ruɓa a bayan baki, ba tari ba mura, a kai shi a duba. Idan bakteriyar sitiref ce, garkuwa kan rikita furotin ɗinta da naman zuciya, bayan makonni gaɓɓai su kumbura, ƙofofin zuciya su lalace. Fenisilin na kwana 10 yana hana wannan. Nan an tabbatar, a jijiyar babba kuwa an gwada ba ta yi ba.

Bakin Alhaji shi ne inda maganar ƙwayar cuta ke da amfani. Wari da jini da haƙora masu girgiɗa a bakin mai sukari mai tarihin sigari, alamu ne na ciwon dasashi mai zurfi, wanda ya riga da'ama da shekaru. Lafiyayyen dasashi da wuya ya yi ta zuba haka don an sha tikagirelo, maganin ya tona abin da ke nan ne. Barin sigari ma yana da hannu: taba tana matse ƙananan jijiyoyin dasashi ta ɓoye jinin, in aka bari sai ya bayyana na ɗan lokaci. In kuma maganin hawan jininsa amlodifin ne, shi ma yakan sa dasashi ya yi kauri, a gaya wa likita. Tsakanin haƙori da dasashi akwai ɗan rami da zurfinsa bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba a mai lafiya. In ya kai 4 ciwo ya fara, in ya kai 6 ya yi nisa, ƙashin da ke riƙe haƙorin yana zaizayewa. Cikin ramukan nan gyambo ne, kuma duk tauna ko gogewa na iya tura bakteriya cikin jini. Wannan ne ke hana garkuwarsa hutawa.

Gyaran dasashi ba a tabbatar yana hana ciwon zuciya ba, ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta faɗi haka a 2012: akwai alaƙa, amma ba a nuna ɗaya ne ke haifar da ɗaya ba. Abin da aka nuna shi ne, a wani gwaji na 2007 kan mutum 120 masu ciwon dasashi mai tsanani, jijiyoyin waɗanda aka yi wa wanki mai zurfi sun fi saki bayan wata shida. A masu sukari kuma, wankin yana sauke gwajin sukarin nan na wata uku da ake kira tarakumi da wajen 0.4. Babbar ribarku ku ita ce jinin zai tsaya, Alhaji ya daina kallon maganinsa a matsayin abokin gaba.

Da zarar an daidaita maganar tikagirelo, ku nemi likitan zuciya ya rubuta wa likitan haƙori takarda: ranar da aka sa da'ama, da sunayen magunguna. Ba a daina asfirin ko tikagirelo don wankin haƙori, ko ma don cire ɗaya ko biyu. In wani ya ce a daina kwana biyar kafin a zo, kada ku yarda sai likitan zuciya ya sa baki. Likitan haƙori zai auna zurfin ramukan, ya ɗauki hoto, sannan ya kankare tsatsar sama da ta ƙarƙashin dasashi. Ga mai ciwon zuciya an fi so a raba aikin zama-zama, kowane minti 30 zuwa 45, domin kankare baki duka a rana ɗaya yana tayar da kumburi a jiki na kwana ɗaya ko biyu. A yi da safe, bayan ya karya ya sha magungunansa, kada sukari ya faɗi a kujera. Likitan zai taƙaita allurar kashe zafi mai adirenalin. In jini ya ci gaba a gida, ya ciji tsaftatacciyar auduga minti 20 ba leƙawa, kada ya yi ta kurkura ko tofarwa a ranar, don suna wanke gudan da ya toshe wurin. Na ciwo Panadol kawai. Brufen da Voltaren suna ƙara zubar jini, suna kuma takura ƙoda da zuciya. Da'ama ita kaɗai ba ta buƙatar a sha maganin ƙwayoyin cuta kafin aikin haƙori. Bayan wata biyu zuwa uku a sake aunawa, sannan a riƙa komawa duk wata uku. Haƙoran nan biyu hoto ne zai nuna ko za su tsira. Ku duba abin da ta'amin ɗin wurin aikinsa, wato inshorar lafiya, ya ɗauka na haƙori, in kuma kuɗi ya yi nauyi, Jami'ar Ummul Ƙura a nan Makka da Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda suna da asibitocin koyar da aikin haƙori, ku tambayi sharuɗɗansu.

A gida, buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid, minti biyu safe da dare, a karkata gashin buroshin zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, a riƙa juyawa a hankali. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ƙyale wurin da ke jini, alhali nan ne ya fi buƙatar gogewa, kuma cikin mako ɗaya zuwa biyu jinin yakan ragu. Tsakanin haƙora akwai 'yan ƙananan buroshi masu girma daban-daban, likita zai zaɓa masa, sau ɗaya a rana. Asuwaki ya ci gaba da abinsa, sunna ce kuma yana wankewa, amma a yanke kan kullum, a jiƙa ya yi laushi, a bar dirzawa gefe da gefe da ƙarfi. Ba ya shiga tsakanin haƙora, don haka ba ya ɗauke wa ƙananan buroshin aiki. In an rubuta ruwan kurkure na kilohekzidin, kada ya wuce mako biyu, yana rina haƙora, kuma a ba da tazarar rabin awa tsakaninsa da man goge baki.

Idan duk da haka jinin ya ƙi tsayawa, akwai mafita wadda ba dainawa ba ce. Likitan zuciya zai iya sauya tikagirelo da kilofidogiral, wanda zubar jininsa ta fi sauƙi, ko ya rage tsawon lokacin shan biyun. Shi ke da wannan hukunci, don shi ya san girman ragar da inda take. Baƙin bayan gida kamar kwalta, aman jini, jini a fitsari, ko haɓo da ya wuce minti 15 ana matsewa, waɗannan na asibiti ne a take.

Sai Yaya. Mutumin da ya riƙe ƙaninsa tun yana maraya, ya ga an fito da shi daga ɗakin tiyata, ya nemi magani har daga wata ƙasa, ƙauna ce ta sa shi. Kuskurensa a magani yake, niyyarsa ba ta da aibu, kuma ke ba ki da buƙatar kayar da shi a muhawara. Kada ki zubar da ƙwayoyin a ɓoye, in aka gane, laifin zai dawo kanki, a manta da asalin magana. Abin da na fi so shi ne Alhaji da kansa ya ce masa, "Yaya, ka raka ni wajen likita mu nuna masa maganin nan kafin in fara." A tafi da ledar gaba ɗaya, da duk magungunan gida. In Yaya ya ji daga bakin likita cewa lallai akwai hannun ƙwayoyin cuta da garkuwa a ciwon nan, amma a baki za a yaƙe su, zai fita da kansa a sama, domin rabin maganarsa ta tabbata. Sannan a ba shi aikin da shi kaɗai zai iya. Ke in kika hana shisha, mita ce. In Yaya ya hana, umarni ne. Hayaƙinta da na gawayinta suna dukan shimfiɗar jijiya kamar yadda sigari ke yi, kuma Ma'aikatar Lafiya tana da asibitocin taimaka wa masu son barin taba, ana samun layi ta 937. In ta kama ke za ki yi masa magana, ki fara da gaisuwa da godiya: "Yaya, Allah ya ƙara girma, mun ga ɗawainiya. Likita ya ce duk abin da za a ƙara masa a nuna masa tukuna, saboda ragar nan."

In Alhaji ya ƙi saurarenki a daren nan, ki kira 937 a gabansa, ki buɗe murya ya ji da kunnensa. In hakan ma bai yi ba, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, babban ɗanku ko amininsa ko limamin masallacinku, ki gaya masa iya abin da ya zama dole. A nan kam fushin kwana biyu ya fi shirun da za ki yi ta tunawa.

Ke da yara ku kwantar da hankali, toshewar jijiya ba a ɗaukarta. Bakteriyar dasashi na iya wucewa ta yawu tsakanin miji da mata, amma ba ta zama ciwo sai ta samu tsatsa da sukari da taba. Kada ki ware masa kofi ko kwano, zai ji an ƙyamace shi. Buroshi da asuwaki dai kowa da nasa. Abin da yara za su iya gada shi ne sukari da hawan jini da kitse, don haka manyansu su fara aunawa, ke ma ki je a duba bakinki da jininki.

Ranar ganin likita ki rubuta lambobi uku ki ajiye: LDL, wanda ga mai da'ama ake so ya sauka ƙasa da 1.4, ko 55 in da ɗayan ma'aunin aka rubuta. Tarakumi, a kusa da 7. Awon jini, ƙasa da 130 bisa 80. Duk saukar LDL da maki 1 a ma'aunin farko tana rage manyan matsalolin jijiya da wajen kashi 22 cikin ɗari, kuma atobastatin yana rage kumburin bangon jijiya ban da sauke kitse, don haka shi ma ba na ajiyewa ba ne. Ki tambaya a yi masa allurar rigakafin mura ta shekara. Mutumin da ke wuni a rufaffiyar mota da baƙi daga kowace ƙasa ya fi kowa buƙatarta, kuma a wani gwaji na 2021 kan mutum sama da 2,500, galibinsu masu sabon ciwon zuciya, mutuwa cikin shekara ta kasance kashi 2.9 a waɗanda aka yi wa allurar, 4.9 a waɗanda ba a yi wa ba. Ki kuma tambaya tun yanzu yadda za a tsara maganin safe da yamma da na sukari in azumi ya zo, da ko ya dace ya yi doguwar tafiyar Madina a lokacin cunkoso. Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa, ya bar zumunci tsakaninku da Yaya.